Raddi ga Masu Ganin Aljani a Cikin Kowace Jaraba

Wata koyarwa tana yawo a majami'u, daga Amurka har ƙasarmu: wai duk Kiristan da ke jin sha'awar jinsinsa aljani ne a jikinsa, wai mai baiwar rarrabe ruhohi kallo ɗaya zai yi ya gane shi, in kuma an yi masa addu'a abin bai tafi ba, to bangaskiyarsa ce ta gaza. Ni ina kan koyarwar Ikilisiya cewa aure tsakanin namiji da mace ne. Amma wannan magana ba ta da tushe, kuma tana korar 'yan'uwa daga gidan Ubangiji.

Mu fara da aljanin. Daga ina kuka samo shi? Ku buɗe Bishara huɗun nan, ku nuna mana inda Yesu ya fitar da aljani daga wani saboda sha'awa. Mutumin kaburbura na Markus 5 tsinka sarƙa yake yi, yaron Markus 9 kuma faɗawa wuta da ruwa. Da Ubangiji ya zo kan fasikanci a Markus 7, zuciyar mutum ya nuna. Bulus a Galatiyawa 5 ya lissafa shi cikin ayyukan jiki, jere ɗaya da kishi da fushi da tsattsaguwa. Me ya sa ba ku fitar da aljanin kishi daga dattawan majami'a? Yakubu 1 ya raba jaraba da zunubin da take haifarwa, Ibraniyawa 4 kuma ta shaida cewa an jarabci Almasihu kansa bai yi zunubi ba. Haba 'yan'uwa! Wanda yake yaƙi da jaraba dare da rana yana tsare kansa, shi ne za ku kira mazaunin Shaiɗan?

Ikilisiyoyin da suka fi kowa tsayawa kan aure ma ba su faɗi haka ba. A taron Lambeth na 1998 bishop-bishop na Angilikan 526 suka amince da ƙudurin da ya ƙi aikin luwaɗi, ƙudurin nan kuma ya tabbatar cewa duk mai bi da aka yi wa baftisma cikakken gaɓa ne na jikin Almasihu, ko wace irin sha'awa yake ji. Katikisim na Katolika, sakin layi na 2358, ya umarci a karɓi irin waɗannan mutane da girmamawa da tausayi. Babu aljani ko a ɗaya.

Na biyu, ganin nan naku. Annabi Sama'ila ya dubi Eliyab ya ɗauka shi ne zaɓaɓɓe, Allah ya gyara masa. Kun fi Sama'ila ido ne? Gwajin ruhohi na 1 Yohanna 4 kuwa a kan annabawan ƙarya yake. Masu wa'azi ake aunawa da shi.

Na uku, alkawarin warkarwa. Ƙungiyar Exodus International ta Amurka ta yi aikin neman canza wa mutane irin wannan sha'awa daga 1976, ta rufe a 2013, bayan shugabanta Alan Chambers ya faɗa cewa kusan duk waɗanda ya sani sha'awarsu ba ta canza ba, ya kuma nemi gafara. Bulus ma sau uku ya roƙa a cire masa ƙayarsa, aka bar shi da ita. Bangaskiyarsa ce ta gaza?

Sauran hujjojinku mafarkai ne da jita-jita, ba su cancanci amsa ba. Ɗan'uwan da ya amince ya faɗa wa fasto damuwarsa, a rufa masa asiri, a yi addu'a tare da shi, a bar masa wurinsa a majami'a.