"Ai Yana Aiki a Kwamfutata" Ba Hujja Ba Ce

Yau da 'yan fannin kwamfuta nake, da duk wanda kundin digirinsa ya rataya a kan Python ko R. Akwai wani sakaci da muka mayar ado, kuma ni ma na yi shi.

A watan Yulin 2024, ina tsakiyar aikin kundina a Manchester, na tura wa wani abokina da ke Birmingham shirin lissafin da na rubuta don ya gwada mini. Shiri ya ƙi tashi. Na ce masa, "Malam, ai yana aiki a kwamfutata." Ya ce to in aiko masa da kwamfutar. Sai da na hau jirgin ƙasa daga Piccadilly zuwa New Street, muka ɓata yini guda, kafin muka gano bakin zaren. Ni na ɗora NumPy siga ta 1.26 tun watan Fabrairu, shi kuwa ya ɗauko ta 2.0 wadda ta fito a watan Yuni. Sabuwar ta cire wasu sunaye da na dogara da su. Laifina ne, don ban rubuta sigar da na yi amfani da ita a ko'ina ba.

Manhajar zamani gini ce ta tubalan aro. Naka shirin ya jingina da tubali goma, kowannensu ya jingina da wasu goma da ba ka taɓa jin sunansu ba. Kowane tubali yana da lambar siga, kuma bisa al'ada idan lambar farko ta canza, daga 1 zuwa 2, masu shi suna gaya maka ne cewa tsohon gini na iya tsagewa. Mu kuwa sai mu ce wa na'ura ta kawo "na ƙarshe", mu shige kicin.

A watan Maris na 2016 wani mai suna Azer Koçulu ya janye tubalansa daga rumbun npm saboda rikici a kan suna. A cikinsu akwai left-pad, layi 11 kacal. Nan take dubban ayyuka suka tsaya, har da manya irin su Babel. In layi 11 ya girgiza su, kai da kundinka fa?

Kuma wanda shirinsa ya ƙi tashi ya yi sa'a. Abin tsoro shi ne ya tashi ya ba da wata amsa daban. A 2019 masu bincike a Jami'ar Hawaii sun gano cewa wani shirin Python da masana sinadarai suka yi shekaru suna amfani da shi yana ba da sakamako daban-daban gwargwadon irin kwamfutar, saboda kowace da yadda take jera fayiloli. An riga an buga maƙalu da shi.

Na san abin da wasu za su ce: wai wanda ya ƙulle siga ya zauna da tsohon kaya, ɓarayin intanet su shigo masa. Akwai gaskiya a ciki, duk mun ga yadda ramin Log4j ya hana mutane barci a Disambar 2021. Amma wa ya ce a ƙulle har abada? Ka sabunta da gangan, ka gwada, ka rubuta. Wanda bai san abin da ke cikin gininsa ba, ta yaya zai san wane tubali ne ya ruɓe?

Aikin ma bai kai shan shayi ba. Ka ware wa kowane aiki ɗakinsa da venv ko conda. Ka buga pip freeze, ka adana sakamakon a requirements.txt. Mai R yana da renv. Sigar Python ɗin kanta ma a rubuta ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne gida. Yawancinmu za mu koma Samaru ko BUK ko Danfodiyo, mu miƙa wa ɗalibi aikin nan mu ce ya ɗora a kai. Yaron da kuɗin aljihunsa yake sayen data, yana lissafin sa'ar da za a ɗauke wuta. Zai sauke siga bayan siga yana laluben wadda ta dace, har datarsa ta ƙare, ya ɗauka shi ne bai iya ba. Alhali layi ashirin ne malaminsa ya yi ƙiwar rubutawa a ɗakin karatu mai ɗumi a kan Oxford Road.