Wa Ya Zaɓi Monita?

Mu da muka yi makarantar gwamnati mun san yadda ake naɗa monita. Malam ne zai duba aji ya nuna wanda ya fi girman jiki, shi ke nan. Aikinsa kuwa rubuta sunayen masu surutu. Ba a taɓa tambayarmu ba.

Haka darasin insha'i yake. Kowane zango sai mun rubuta "Yadda na yi hutuna", alhali a gona ko kasuwa muka yi hutun, sai mu ƙirƙiro tafiya Kaduna don mu sami maki. Yau ga mu muna son zama marubuta, amma da yawanmu har yanzu jira muke a ba mu batu.

Sashe na 12 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 1989, ya ce a saurari ra'ayin yaro kan abin da ya shafe shi, gwargwadon shekarunsa. Ba cewa muke yara su tsara manhaja ba. Malaman da ke cikinmu su gwada barin ɗalibai su zaɓi monita da ƙuri'a, su kawo batun insha'i ko sau ɗaya a wata. Masu tsoron raini zai shigo, ai bulala ma ba ta hana surutun ba.