Rigimar 'Yan Gurguzu A Kan Sitalin: Ina Jinin Musulmi A Ma'auninsu?

 

Ya 'yan'uwa, duk wanda ya taɓa zama da 'yan gurguzu a jami'o'inmu ya san amsarsu idan aka ambaci ta'asar Tarayyar Sobiyet: wai akidar ba ta da laifi, Sitalin ne ya ɓata ta. Sai kuma wani ɓangarensu ya miƙe ya ce a'a, Sitalin ne gwarzo, masu sukarsa ne 'yan ridda. Ashe su ma suna da nasu mazhabobin, kuma sun fi kowa saurin kafirta juna!

Tun rasuwar Lenin a 1924 aka fara. Mabiya Torotski suka ce Sitalin ya ci amanar juyin juya hali. Shi kuwa ya kori Torotski daga ƙasar a 1929, ya sa aka bi shi har Meziko aka kashe shi a 1940. A 1956 Kurushef ya tona asirin maigidansa a gaban taron jam'iyya, a 1961 aka fitar da gawar Sitalin daga kusa da ta Lenin. Mao na ƙasar Sin ya fusata, ya yanke cewa kashi 70 cikin ɗari na aikin Sitalin daidai ne, kashi 30 kuskure.

To, mu tambayarmu ita ce, a wane kashi aka saka Musulmi?

Ranar 23 ga Fabrairu 1944, cikin tsananin sanyi, aka fara loda mutanen Checheniya da Ingushetiya, kusan rabin miliyan, a taragon dabbobi zuwa Kazakistan da Kirgistan. A watan Mayu aka yi wa Tatar na Kirimiya haka nan, kimanin mutum 190,000. Dubun dubata suka mutu a hanya da kuma wurin da aka zubar da su. Kafin nan an rufe dubban masallatai, an daina rubutu da haruffan Larabci, domin a raba yaro da littafin kakansa.

Addini ya hore mu da adalci ko ga maƙiyi, saboda haka ba mu musun cewa a zamaninsa aka karya Hitila, aka gina masana'antu, har a 1943 ya yarda aka kafa hukumar addinin Musulunci a Tashkent, ko da yake yaƙi ne ya matsa masa. Amma ba za mu yarda a ɗora komai a kansa shi kaɗai don a wanke sauran ba. Lenin na kan mulki aka yi kisan Kokand a 1918. Torotski ne ministan yaƙi lokacin da aka yi wa Bukhara, birnin Imamul Bukhari, ruwan wuta a 1920. Kurushef da ya yi kukan zaluncin Sitalin bai ko ambaci Tatar na Kirimiya a jawabinsa ba, kuma daga 1958 ya koma rufe masallatai. Anwar Hoja na Albaniya, wanda ya riƙe Sitalin har mutuwarsa, shi ne ya haramta addini kwata-kwata a 1967. Duk ɓangaren da muka ɗaga, sai mu tarar da masallaci a rushe a ƙarƙashinsa.

Tatar ɗin nan ba su sami cikakken izinin komawa gida ba sai 1989, saura shekara biyu daular ta wargaje.