A Bar Ɗalibi Ya Sake Gwadawa

Malamai da yawa na ganin barin ɗalibi ya maimaita jarrabawar gwaji ta intanet tamkar koya masa lalaci ne. Ni kam ban yarda ba. A shekarar 2006, masana biyu a Amurka, Roediger da Karpicke, sun gano cewa ɗaliban da aka yi ta gwadawa sun tuna kashi 61 cikin ɗari na darasi bayan mako guda, masu bitar karatu kawai kuwa kashi 40. Ashe lalubo amsa daga ƙwaƙwalwa shi ke kafa ilimi a cikinta. Sharaɗina biyu ne: a riƙa sauya tambayoyin, a kuma nuna wa yaro kuskurensa, don kada ya haddace amsoshi kamar aku.