Littafin Ruwan Sama, Kafin Gara Ta Riga Mu



A can ƙuryar arewacin duniya, inda teku ke daskarewa, tun 1979 taurarin ɗan Adam ke auna faɗin ƙanƙarar da ke bisa ruwa, cibiyar NSIDC ta garin Boulder a Amurka kuma tana tara alƙaluman a kwamfuta. Ta haka aka tabbatar cewa a Satumbar 2012 ƙanƙarar ta ragu zuwa kimanin murabba'in kilomita miliyan 3.4. Duk da haka masana ba su gamsu ba. Sun tono tsofaffin littattafan matuƙa jiragen ruwa, 'yan sa-kai suka duƙufa suna kwafe rubutun hannu layi bayan layi, don a san yadda tekun yake zamanin kakanni.

Mu nan ba mu da ƙanƙara, amma muna da damina. Manomin rake a Makarfi, mai dafa mazarƙwaila a Kudan, mai lambun tumatir a Ikara, kowa ka tambaya zai ce maka ruwan shuka ya sauya lokaci, fadama kuma tana saurin ƙafewa. Gaskiya suke faɗi. To amma da kwana nawa ya sauya? Tun yaushe? Dattijo zai tuna farin 1973 da na 1984, sai dai tunawa ba ta gaya wa mutum ko ya sayi irin masara mai saurin nuna bana.

Alhali an rubuta. A Samaru, inda aka fara binciken noma a 1922, an kusa shekara ɗari ana auna ruwan sama. A ƙauyuka ma malaman gona sun yi wannan hidima: da sassafe mutum ya je ga ma'auni, ya juye ruwan daren jiya a kwalba mai zane, ya duƙa ya karanta, ya rubuta da biro. Irin waɗannan littattafai na nan cikin kabad, takarda ta yi ja, gara da yoyon rufi na jiran su. Wanda ya lalace ya tafi ke nan, don ba a sake auna ruwan da ya riga ya sauka.

Aikin bai fi ƙarfinmu ba. Ƙananan hukumomin Makarfi, Kudan da Ikara su tattaro littattafan, a ɗauki hoton kowane shafi da waya. Ɗalibai biyu su shigar da shafi guda kowa daban, a gwada, inda suka saɓa a koma ga asali. Sannan a miƙa wa hukumar yanayi ta NiMet da cibiyar binciken Samaru kwafi, a kuma karanta wa manoman Hunkuyi da ke Kudan sakamakon da Hausa kafin shukar baɗi.