Injin Tuƙi: A Sha Iska Da Shi A Waje, Amma Ya Kwana A Ɗaki

A wannan wata za mu yi magana ne a kan wani baƙo da ya fara shigowa unguwanninmu tare da kayan gwanjon da ake saukewa a tashar jiragen ruwa ta Tema, wato injin motsa jiki irin wanda mutum zai zauna a kansa yana ja yana komawa kamar mai tuƙa kwale-kwale. Bari mu kira shi injin tuƙi don sauƙin magana.

Wani ɗan'uwansa ne ya aiko masa da shi daga Turai. Wasu kuwa ƙungiyar samari ce ta yi karo-karo ta saya. Wani kuma likita ne ya ce masa lallai ya riƙa motsa jiki saboda hawan jini ko ciwon sukari. To, ko ta wace hanya injin ya iso, matsalar ɗaya ce. Ɗakunanmu na zango, daga Nima da Mamobi har Aboabo ta Kumasi, ba su da fili. Inda gado da akwati da kwanukan uwargida suka riga suka cika wuri, ina za a sa wani dogon ƙarfe? Sai a fitar da shi baranda ko tsakar gida, a ce ai ƙarfe ne, ba abin da zai same shi.

Shawararmu a taƙaice ita ce: a yi aiki da shi a waje in an so, amma kada a bar shi ya kwana a waje. Ga dalilanmu.

Da farko ya kamata mu san asalin abin. Wanda ya fi shahara a duniya shi ne na kamfanin Concept2, wanda wasu 'yan'uwa biyu, Dick da Peter Dreissigacker, suka kafa a jihar Vermont ta Amurka a shekarar 1976. Su kansu 'yan wasan tseren kwale-kwale ne, kuma da ƙera sandunan tuƙi suka fara. Wannan yanki nasu yana da tsananin sanyi, har ruwan tafkuna kan daskare, don haka 'yan wasa ba su da inda za su yi atisaye na tsawon watanni. Shi ya sa a 1981 suka fito da injinsu na farko, wanda suka haɗa da wilin keke. Ke nan tun ran gini, don zaman ɗaki aka yi shi. Wanda ya ƙera shi bai yi lissafin iskar teku ta Akra ko ƙurar hunturun Tamale ba.

Idan muka dubi injin da kyau za mu ga abubuwa biyar ne suka haɗu suka yi shi. Akwai dogon ƙarfe wanda kujera ke gudu a kansa bisa ƙananan tayoyi. Akwai sarƙa irin ta keke mai haɗe da abin riƙewa. Akwai fanka a cikin akwatinta, wadda ita ce ke kokawa da iska ta ba da nauyin ja. Akwai wata igiyar roba a ɓoye a ciki, wadda ke mayar da sarƙar bayan an ja. Sa'an nan akwai ɗan allon lissafi mai aiki da batir, mai nuna nisa da lokaci. Kowane ɗaya daga cikin biyar ɗin nan yana da abokin gabansa a waje.

Abokin gaba na farko shi ne laima da gishiri. Mu da muke zaune a bakin teku ba sai an faɗa mana ba. Mun ga yadda kwanon rufi ke cin tsatsa a Chorkor da Jamestown tun bai tsufa ba, mun kuma ga yadda kwaɗo ke ƙin buɗuwa in ya daɗe a ƙofa. Iskar teku tana ɗauke da gishiri, kuma gishiri yana gaggauta tsatsa. Ko da an shafa wa sarƙar injin wani ƙarfe mai hana tsatsa, wannan shafi kan goge a inda ake yawan gugar juna. Daga nan sai gaɓoɓin sarƙar su ƙage, ta fara tsallake haƙoran da take hawa. Sarƙar da ta tsallake alhali mutum yana ja da dukan ƙarfinsa tana iya jawo masa ciwon baya. Kada kuma mai baranda ya ce ai ruwan sama ba ya isowa nan. Raɓar asuba ta isa, domin tana sauka a kan ƙarfe mai sanyi kowace safiya, ta shiga har cikin allon lissafi.

Na biyu shi ne rana. Zafinta da haskenta suna cinye roba, kamar yadda muke gani a bokitin da aka bari a tsakar gida, wanda ke kodewa sa'an nan ya tsage. Haka za ta yi wa kujera da maɗaurin ƙafa. Igiyar robar nan ta ciki kuwa in ta saki, sarƙa ba za ta riƙa komawa da sauri ba, sai ta yi ta lilo. Batir ma in ya sha zafi ya daɗe a zaune, yakan yi yoyo ya ci wayoyin allon.

Na uku shi ne ƙura, kuma wannan ya fi shafar 'yan'uwanmu na arewa, su Tamale da Wa da Bawku, musamman daga Disamba zuwa Fabrairu. Fankar injin iska take zuƙa, saboda haka duk abin da ke cikin iskar zai shiga. In ƙura ta toshe ragar akwatin, iska ba za ta shiga sosai ba, sai jan ya yi sauƙi, mutum ya ɗauka ƙarfi ya ƙara alhali injin ne ya shaƙe. In kuma ƙura ta haɗu da man sarƙa, sai ta zama kamar sanfefa, tana cin ƙarfen a hankali. Yashi a kan dogon ƙarfen shi ma yana fasa tayoyin kujera.

Akwai wani nau'in injin mai jikin katako da tankin ruwa a gaba, irin na kamfanin WaterRower da aka fara yi a Amurka a 1988. Shi ruwa yake motsawa maimakon iska. Kada ganin ruwa a jikinsa ya ruɗe mu mu ce ba ya tsoron waje. Katako yana kumbura da damina, ya tsage da rani, ga kuma gara in an jingine shi a ƙasa. Hasken rana yana sa gansakuka ta tsiro a cikin tankin. Kamfanin ya ce a riƙa jefa ƙwayar tsabtace ruwa kamar kowane wata 6, ya kuma hana zuba ruwan bilic na wanki, domin yana lalata robar tankin.

Mai karatu zai ce, to malam, ɗakin ne babu, yaya za mu yi? A nan ne akwai labari mai daɗi wanda da yawa daga masu sayen gwanjo ba su sani ba, tun da injin kan iso ba tare da littafinsa ba. Injin Concept2 yana da tsawon santimita 244, amma nauyinsa kilo 26 ne kawai, kuma yana rabewa gida biyu ta tsakiya ba tare da sufana ba. In an raba shi aka tsayar, wurin da zai ci bai kai mita ɗaya ta kowane gefe ba, wato bai fi inda ake ajiye randa biyu ba. Na katakon ma ana tsayar da shi a jikin bango. Ashe ke nan fili ana bukatarsa ne lokacin aiki kaɗai. A fito da shi da safe, a yi abin da za a yi, a mayar da shi lungu.

Idan kuwa ya zama dole ya zauna a baranda, to a rage ɓarna da waɗannan matakai. A cire allon lissafi a shigar da shi ɗaki, in kuma za a daɗe ba a yi aiki ba a fitar da batiran. A ɗora injin a kan katako don kada ya taɓa ƙasa. A zaɓi gefen da feshin ruwa da rana ba su kaiwa. A rufe shi da zane mai kauri wanda iska ke ratsawa. Tamfol da leda suna da haɗari, domin suna tsare danshi a ciki, injin ya kwana yana gumi, ga kuma ruwan da kan taru a lanƙwasarsu ya zama gidan sauro. In an sa tamfol saboda hadari, a yaye shi da zarar gari ya washe.

Sai kuma kulawa ta yau da kullum. Bayan kowane aiki a goge dogon ƙarfen da tsumma, domin gumin mutum ma gishiri ne. Kamfanin ya ce a sa wa sarƙa mai bayan kowace awa 50 ta aiki, kamar cikin ƙaramin cokali, a zuba a tsumma a bi sarƙar da shi, sa'an nan a goge ragowar. Mai mara kauri ake so, irin su 3-IN-ONE. Kada a sa baƙin man da aka juye daga mota. Bayan awa 250 kuma a duba akwatin fanka a cire ƙura, a ɗaure notocin da suka saki. Amma mu tuna wannan lissafi na injin da ke zaune a ɗaki ne. Wanda ke shan iskar teku ko hunturu, sai a duba shi kafin lokacin ya cika.

Wajen aiki da shi a tsakar gida kuwa, a nemi daɓe mai daidai, kada a kafa shi a kan yashi. A yi da sanyin safiya ko bayan la'asar, a ajiye ruwan sha kusa. A sa tufafi masu kama jiki, domin bakin doguwar riga yana iya shiga ƙarƙashin tayoyin kujera. Kada a saki abin riƙewa daga nesa ya koma da kansa. Babban abin lura shi ne yara. Gidajenmu na haya ne, yara sun yi yawa, kuma a idonsu wannan kujera mai gudu mota ce. Yatsan yaro a tsakanin taya da ƙarfe ba ƙaramin rauni ba ne. Wannan kaɗai ya isa dalilin a raba injin a ɓoye bayan an gama.

Ga ƙungiyoyin samari muna da ƙarin magana. Mu malaman makaranta mun sha ganin yadda kayan jama'a ke ƙarewa. A kawo kayan wasanni sababbi, a yi biki a ɗauki hoto, bayan damina biyu ka tarar da su a bayan aji tsatsa ta cinye, kowa yana cewa ai wane ne ya kamata ya kula. Maganin wannan mun san shi tun daga aji, wato a naɗa monita. A ba mutum ɗaya mabuɗi da kwalbar mai da littafi mai layi, duk wanda ya hau ya rubuta sunansa da mintocin da ya yi. Da haka za a san ranar da awa 50 ta cika, a kuma san wanda ya bar shi a rana. A riƙa tara ɗan kuɗi kowane wata, domin kayan gyaransa ba a kowane shago ake samunsu ba, sau da yawa sai an yi saƙo daga waje.

Abin da ya sa muka ba wannan magana fili guda shi ne, batun ya wuce na ƙarfe. Hukumar Lafiya ta Duniya, a shawarar da ta fitar a 2020, ta ce baligi yana bukatar motsa jiki matsakaici na minti 150 zuwa 300 a mako. Injin tuƙi yana sa ƙafafu da baya da hannuwa aiki lokaci guda, kuma ba ya dukan gwiwa kamar gudu a kan kwalta. Ga direba da tela da mai shago, waɗanda ke wuni a zaune, samun irinsa a gida ko a unguwa ba ƙaramar sa'a ba ce. Mai ciwon zuciya ko hawan jini dai ya fara jin ta bakin likitansa kafin ya hau. Amma ranar da sarƙa ta ƙage, yawancinmu ba sabo za mu saya ba. Motsa jikin ne zai tsaya, injin kuma ya koma wurin shanya tawul.

Saboda haka duk mai irin wannan inji a waje, yau da yamma ya yaye rufin ya duba sarƙarsa. In ya ga ja-ja, to ya nemo mai da tsumma, ya kuma samar masa lungu a ɗaki tun kafin ruwan Afrilu ya sauko. Rigakafi dai ya fi magani.