Filin Mata: Ba Kowane Kumburi Ne Gwaiwa Ba

'Yan'uwana mata, yau zancenmu a kan mazanmu ne, sai ku yi mini gafara, don magana ce mai nauyi.

Akwai wani ciwon daji da ke kama maraina, yana tsirowa daga ƙwayoyin da ke yin maniyyi. Ya fi kama samari da magidanta masu shekara 15 zuwa 35. Farkonsa ɗan ƙullutu ne mai tauri, sau da yawa ba ya zafi, sai maigida ya ce ai gwaiwa ce, ya yi shiru don kunya.

A cikin irinsa akwai wani mugu ƙwarai wanda ba a cika samunsa ba. Shi wannan yakan bi jini ya kai huhu ko ƙwaƙwalwa tun ƙullutun bai kai a lura da shi ba. Abin mamaki kuwa, yana fid da sinadarin nan da jikin mai juna biyu ke yi, har in an auna fitsarin namijin sai ya nuna kamar na mai ciki. Wani ma nononsa yakan kumbura, wani ya yi tarin jini.

A asibiti likita zai taɓa wurin, ya yi hoton nan da a ke yi wa masu ciki, sa'an nan a auna jini. In an ga alama ba a tsaga ƙullutun, sai a cire maraina ɗayan a duba. Ɗayan da ya rage yakan isa haihuwa.

Kada ku fid da zuciya. A 1996 an sami ciwon nan a jikin Lance Armstrong, ɗan tseren keke na Amurka, yana shekara 25, ya riga ya kai huhu da ƙwaƙwalwa, amma da magani ya warke, har ya haifi 'ya'ya.

To, uwargida, in maigida ya yi miki zancen kumburi, ko kin gan shi yana ɓoye-ɓoye, ki lallashe shi ya ga likita cikin makon nan. Ku kuma masu goyon ɗa namiji, in marainansa ba su sauko ba ku kai shi asibiti, don irinsu sun fi shiga haɗarin ciwon nan in sun girma.

Allah ya ba mu lafiya. Sai mako mai zuwa.